Yadda cikin tsofaffin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan yake: tambayoyi da amsoshi

Mutane da yawa in an ce jirgin ƙarƙashin ƙasa abin da ke zuwa musu a rai shi ne farin tarago mai sheƙi, kujerun roba, fitila fara tas. To na da ba haka suke ba sam. Katako ne, da ulu, da fata, da tagulla, kuma kusan duk abin da ka gani a ciki akwai matsalar da ta haife shi, ko ƙuncin rami, ko datti, ko hayaƙi, ko gobara. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai, mafi yawa kan Landan tunda can abin ya faro, amma za mu leƙa wasu biranen ma.

Wai tun yaushe ake da irin wannan jirgin, kuma ya cikinsa yake a farko?

Ranar 10 ga Janairu 1863 aka buɗe layin Metropolitan daga Paddington zuwa Farringdon, tafiyar kusan kilomita 6, kuma shi ne na farko a duniya. Lokacin babu maganar lantarki, kan jirgi mai tururi ne ke jan taragai, yana cin kwal yana fitar da hayaƙi a cikin rami, to kai ka ƙiyasta yadda numfashi yake a wajen. Taragan na katako ne, an yanka su ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da ƙofarsa, benci biyu suna kallon juna, babu hanyar wucewa daga wannan ɗakin zuwa wancan. Aji uku ne, na ɗaya da na biyu da na uku, kowa da daidai aljihunsa. Haske kuma fitilar gas ce, gas ɗin ana ɗura shi a wasu jakunkunan roba da ke saman rufin tarago, in jirgi ya yi gudu wutar ta dinga rawa, mai karanta jarida sai haƙuri.

Wani ƙaramin abu da nake so a tsofaffin taragan Metropolitan shi ne saman ƙofofinsu a zagaye yake, ba mai kusurwa ba. Dalili kuwa ƙofar waje take buɗewa, in wani ya yi gangancin buɗe ta a cikin rami kar kusurwar ta daki bango.

Me ya sa wasu jiragen ƙanana ne, rufin a lanƙwashe, dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa?

Saboda layukan Landan iri biyu ne. Akwai waɗanda aka haƙa titi aka yi rami aka sake rufewa, wato Metropolitan da District da Circle da Hammersmith & City, waɗannan jiragensu manya ne kusan girman jirgin ƙasa na yau da kullum. Sannan akwai na can ƙasa sosai da aka huda kamar bututu, irin su Northern, Central, Bakerloo, Piccadilly, faɗin ramin bai wuce mita 3.6 ba, wasu ma da farko ba su kai ba. To jirgin dole ya bi siffar ramin, shi ya sa bangon ke lanƙwashewa ya haɗe da rufi, ƙofar ma a lanƙwashe take ta sama.

Kuma wannan ƙuncin shi ya tsara yadda ake zama. Ƙasan taragon ya yi ƙasa sosai har tayoyin jirgin suna ɗan kutsowa sama da daɓen, to sai aka ɗora dogayen kujeru a jikin bango daidai saman tayoyin aka ɓoye su, shi ya sa a gaba da bayan tarago za ka ga mutane sun jeru suna kallon juna, a tsakiya kuma inda babu taya sai a sa kujeru bibbiyu masu kallon gaba da baya. Da yawa fasinja ba su san a kan taya suke zaune ba.

Da gaske ne an taɓa yin jirgi mara taga?

Kusan haka ne. A 1890 aka buɗe layin City & South London, na farko mai zurfi kuma mai lantarki, daga Stockwell zuwa King William Street. Masu kamfanin suka ce ai a cikin rami ba abin kallo, taga ta mece ce, sai suka yi ɗan siririn gilashi can sama kusa da rufi, kujerun kuma aka yi musu kushin mai tsawo har ya wuce kan mutum saboda jijjiga. Jama'a suka sa musu suna ɗakin masu taɓin hankali, irin wanda ake lulluɓe bangonsa da katifa. Tunda ba ka ganin waje, wani ma'aikaci ne ke tsaye a ƙarshen tarago yana kiran sunan tasha da ƙarfi. Ba a daɗe ba aka gane kuskure ne, mutum ko duhu zai kalla yana son taga, taragan da suka biyo baya duk aka sa musu manya. Ɗaya daga cikin na asalin yana nan a gidan tarihin sufuri na Landan da ke Covent Garden, ana ma iya shiga a zauna.

Ƙofofin fa, da kansu suke buɗewa tun da?

Ina! Jiragen da aka kawo wa Bakerloo da Piccadilly a 1906 ba su da ƙofa a tsakiya ma, ta ƙarshen tarago ake shiga, wani ɗan dandali ne da ƙyauren ƙarfe mai raga, kuma tsakanin kowane tarago biyu akwai mutum guda da aikinsa kenan, ya buɗe, ya rufe, ya buga ƙararrawa a miƙa saƙo har ya kai ga direba. Jirgi ɗaya sai ya ci ma'aikata da yawa, ga ɓata lokaci a tasha don kowa ta lungu ɗaya zai fita. Wajen 1920 aka fara kawo ƙofofi masu zamewa da ƙarfin iska, daga nan mutum ɗaya, wato gadin jirgi, ya isa ya buɗe duka. Gadin nan yana tsaye ne a taragon baya cikin fasinja, da ɗan allon maɓallai a bango da sandar ƙarfe da yake gittawa don a bar masa wurinsa, in jirgi zai tashi ya leƙo da kai yana duba dandamali har a shiga rami. Sai a farkon shekarar 2000 aka daina aiki da su gaba ɗaya, layin Northern ne na ƙarshe, yanzu direba ne ke yin komai da madubi ko talabijin.

Wane jirgi ne masu sha'awar abin suka fi yabo?

Na 1938, babu ko tantama, kuma ni ma ina layinsu. Kafin shi jiragen shekarun 1920 suna da wani ɗaki a bayan direba cike da kayan wuta, yana cinye babban kaso na taragon da ya kamata mutane su zauna. A na 1938 injiniyoyi, ƙarƙashin W. S. Graff-Baker, suka yi dabarar tura duk kayan nan ƙarƙashin daɓe, sai wuri ya samu. An ƙera sama da tarago 1,100, ja a waje.

Amma cikin shi ne labari. Ka shiga, ƙasa katako ne mai tsagi-tsagi, bango kore ta ƙasa, rufi ruwan madara, tagogi an zagaye su da katako mai sheƙin fenti. Fitilun ƙwai ne masu ɗan ja-ja ɗin haske, kowanne da murfin gilashi mai siffar shebur, ba irin farin hasken nan mai kashe ido ba. Kujerun da sifirin a ciki, in ka zauna sai ka ɗan nutse, kowa da wurin ɗora hannu da aka lulluɓe da fata ya raba shi da maƙwabci, yadin kuma ja da kore. Saman taga akwai ƙaramin gilashi da ake ja ya buɗe iska ta shigo, a sama da shi taswirar layi da tallace-tallace a jere cikin firam. Gaskiya ya fi kama da falon gidan mai hali da aka sa wa taya. Kuma ba haka kawai abin ya zo ba, Frank Pick da ke shugabantar harkar sufurin Landan a lokacin mutum ne mai tsananin kula da fasali, tun daga harafin da ake rubuta sunan tasha, wanda Edward Johnston ya zana a 1916, zuwa taswirar Harry Beck ta 1933, har kan yadin kujera, komai sai an zauna an tsara.

Jiragen nan sun yi aiki a Landan har 1988, shekara 50 kenan, kuma ko a nan ba su huta ba, za mu zo kan wannan.

Yadin kujerun nan mai zane-zane, me ya sa ba a sa roba ko leda kawai a huta?

Sunan yadin moquette, saƙa ce mai gashi-gashi a tsaye irin ta kafet, mafi yawanta ulu ne da ɗan nailan, kamar kashi 85 da kashi 15, kuma a da a masaƙun Yorkshire da ke arewacin Ingila aka fi yin ta, musamman wajen Halifax. Kafin ita wasu taragan saƙar wani irin kara mai lanƙwasuwa ake yi musu. A shekarun 1920 aka fara sa ta, kuma dalilan suna da yawa. Tana da ƙarko na ban mamaki, gashin yana riƙe mutum kar ya zame in an taka birki, ba ta ɗaukar sanyi lokacin hunturu kuma ba ta manne wa jiki da gumi lokacin zafi, sannan ulu ba ya saurin kamawa da wuta.

Zanen kuma aikinsa na farko ɓoye datti ne, a faɗi gaskiya. Birni ne mai hayaƙin kwal, lebura ya taso daga wurin gini da ƙura a wando ya zauna, ya tashi ma'aikacin banki da baƙar kwat ya zauna a wurin, kuma kujerar sai ta yi shekaru kafin a canza. A tsakiyar shekarun 1930 Christian Barman, wanda ke aiki ƙarƙashin Pick, ya nemo masu zane na gaske, irin su Enid Marx da Marion Dorn da Paul Nash, aka ba su sharuɗɗa masu wuya: zanen ya yi kyau a hasken rana da na fitila duka tunda jirgi yana fita fili yana komawa rami, kar ya mutu in ya sha datti, kuma kar ya dinga juya wa mutum ido in jirgi na gudu yana kallon kujerar da ke gabansa. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne, ƙananan layuka masu maimaita kansu in suna jijjiga a gabanka jiri suke sawa. Marx ta gano cewa sirrin shi ne a haɗa launi mai duhu sosai da mai haske sosai, don in launukan sun yi kusa da juna datti na hawa sai duk su koma abu ɗaya. Ita ta yi zanen Chevron da Shield, Dorn kuma ta yi Colindale mai ganye-ganye.

Daga baya ma an ci gaba. Na layin District na ƙarshen shekarun 1970 da Misha Black ya tsara, mai ruwan lemo da rawaya da ruwan ƙasa da baƙi, wasu na ganinsa mummuna ne ƙarshe, ni kam ina son sa, kana gani ka san zamaninsa. Na 2010 da kamfanin Wallace Sewell ya yi an sa masa sunan Barman, kuma in ka ƙura masa ido za ka tsinci sanannun gine-ginen Landan, wato London Eye da Big Ben da Tower Bridge da majami'ar St Paul a ɓoye a ciki. Yanzu har filo da safa da jaka ake sayarwa da zanen tsofaffin kujerun, mutane na saye da tsada, abin da kakanninsu suka zauna a kai da wandon aiki.

Abin da ba a cika faɗa ba, yadin da ya iya ɓoye datti to yana riƙe da shi ne fa. Duk wanda ya taɓa ganin an bugi tsohuwar kujera da tafin hannu ya ga ƙurar da ke tashi.

Ƙasan katako a jirgin da ke cikin rami, ba haɗari ba ne?

Haɗari ne mana, amma an ɗau lokaci kafin a ɗauke shi da muhimmanci. Katakon maple ne, an jera shi da tsagi a tsakani, ruwan takalma da na lema ya gangara cikin tsagin a bar saman a bushe kar a zame. Matsalar ita ce tsagin nan shi ne matattarar guntun sigari da ashana da tsofaffin tikiti, ga shi yana kama tsinin takalmin mata. Kuma a tuna ana shan taba a ciki, akwai taragan da aka ware wa mashaya, rufinsu har ya rine ya koma ruwan ƙasa.

A watan Yuli 1984 aka hana shan taba a cikin jirage. A Nuwambar shekarar gobara ta tashi a tashar Oxford Circus, aka faɗaɗa hanin zuwa tashoshin da ke ƙarƙashin ƙasa, amma mutane ba su daina kunna sigari a kan matakala suna hanyar fita ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1987 ashana ta faɗa ƙarƙashin wata matakalar katako mai tafiya da kanta a King's Cross, ta tarar da maiƙo da shara da suka taru shekara da shekaru, mutum 31 suka rasu. Bayan wannan gobarar komai ya canza, aka hana taba ko'ina, aka shiga cire matakalan katako, kuma a shekarun 1990 aka dinga kai jirage garambawul ana fitar da katako da duk abin da ke ci da wuta ko fitar da hayaƙi mai guba. Jiragen layin District na D78 su ne na ƙarshe da daɓen katako, sai wajen 2005 zuwa 2008 aka canza musu. Don haka in ka ji wani yana kukan an lalata kyan jirage da roba da ƙarfe, ka tuna masa King's Cross.

Mene ne wannan abu mai kama da ƙwallo da ke reto daga rufi a tsofaffin hotuna?

Marikin masu tsayuwa ne. Da farko madaurin fata ne ake zura hannu, daga baya aka koma baƙar ƙwallo a ƙarshen sifirin mai ƙarfi, in jirgi ya yi kwana duk su karkata gefe guda tare. In ba kowa a riƙe kuma kai dogo ne, to goshinka ya shirya. An cire su a hankali aka sa sanduna, kuma sandunan ana yi musu fenti mai haske, sau da yawa launin layin, don masu raunin gani su same su da sauƙi.

Akwai ajin masu kuɗi a ciki?

A layukan masu zurfi babu, tun 1890 aji ɗaya ne, layin Central ma da aka buɗe a 1900 kuɗi ɗaya ne ko'ina za ka, peni 2. Amma Metropolitan daban take, ita tana ɗaukar kanta babban kamfanin jirgin ƙasa ne don tana fita can bayan gari har Aylesbury. Daga 1910 zuwa 1939 tana da taragai biyu na alfarma na Pullman, Mayflower da Galatea, da kujerun zaman mutum ɗaya da tebur da fitila da labule, ka ƙara kuɗi a kawo maka karin kumallo kana hanyar ofis, da dare kuma waɗanda suka taso daga kallon wasa su ci abinci a hanyar gida. Kamfanin har gidaje yake ginawa yana sayarwa a gefen layinsa, kuma a jikin marikin ƙofar taragai ya zana tallan unguwannin, Metro-land, ka kama ƙofa ka karanta talla. A 1940, ana cikin yaƙi, aka soke aji na ɗaya.

Ko bayan nan jiragen Metropolitan sun riƙe ɗan girman kansu. Na A Stock da suka fara aiki a 1961 suna da kujeru masu dogon baya, uku a gefe biyu a gefe, da ragar ɗora kaya a sama, har da ƙugiyar rataye lema, kuma sun kai 2012 suna aiki. Da aka kawo sababbi masu ƙarancin kujeru mutanen Amersham da Chesham, da ke can ƙarshen layin, sun yi ƙorafi sosai, kuma da gaskiyarsu, tsayuwar kusan awa guda ba daɗi.

Lokacin yaƙin duniya na biyu an canza wani abu a ciki?

An manna raga a jikin gilasan tagogi don in bam ya tashi kusa kar gilashi ya tarwatse kan mutane, aka bar ɗan rami a tsakiya mai siffar lu'ulu'u da za ka leƙa ka ga sunan tasha. Fasinja suka dinga ɓare ragar ta gefe, har sai da aka yi fastoci ana roƙonsu su bari. Fitilu ma an rage su sosai a sassan da jirgi ke fita fili.

Yaushe aka bar ja da kore aka koma fari da toka-toka?

Bayan yaƙi. Aka fara ƙera jiki da alminiyom, ba nauyi kuma ba ya tsatsa, sai aka ce to fentin me, aka bar su haka fari, jiragen 1959 duk haka suka fito, fitilu kuma aka koma dogayen farare. Layin Victoria da aka buɗe a 1968 shi ya kai abin ƙarshe, cikinsa toka-toka ne kusan ko'ina, jirgin ma da kansa yake tuƙa kansa direba maɓalli kawai yake dannawa. Amma an yi tunani mai kyau guda a nan, gilashin ƙofa an ja shi sama ya bi lanƙwasar rufi don wanda ke tsaye ya ga sunan tasha ba sai ya duƙa ba. Alminiyom ɗin kuma ya zo da tasa matsalar, a shekarun 1980 masu feshin fenti suka sa jiragen a gaba, in an goge sai tabon ya zauna a jikin ƙarfen, dole a shekarun 1990 aka dawo ana fenti, ja da fari da shuɗi da ake gani yanzu.

Me ya sa ba su da na'urar sanyaya ɗaki, ga zafi kamar me?

Babu wurin sa ta a ƙaramin tarago, sannan ko an sa zafin da ta fitar a ramin zai tsaya. Abin dariya, a farkon ƙarni na 20 har talla ake yi cewa ka shigo ƙarƙashin ƙasa ka sha sanyi, don yumɓun da ke kewaye da ramin wajen digiri 14 yake. Shekara ɗari ana taka birki ana kunna injina, yumɓun ya sha zafi ya ƙoshi. A tsofaffin jirage abin da kake da shi tagar ƙofar ƙarshen tarago ce, a sauke ta iska ta bugo da ƙara da ƙurar rami, wanda ya samu tsayuwa a wajen ya more. Layukan nan marasa zurfi masu manyan jirage sun samu masu sanyi tun 2010, Piccadilly kuma an yi mata odar sababbi daga Siemens.

Sauran birane fa, nasu ya suke?

Kowa da salonsa. A Faris jiragen Sprague-Thomson sun yi aiki har 1983, taragai kore na aji na biyu da bencin katako, a tsakiya ja guda ɗaya na aji na ɗaya mai kushin fata, ƙofa kuma kai za ka ɗaga ɗan sakata da hannunka, kuma aji na ɗayan bai mutu ba sai 1991. A New York kujerun saƙar kara ne da fankoki a rufi, ƙwan fitilar kuma an yi masa zare na hagu don wanda ya sace ya kai gida ya ga bai shiga ba. Glasgow da Budapest duk 1896 suka buɗe, na Glasgow igiyar ƙarfe ce ke jan su har 1935, ƙofofi a gefe ɗaya kawai tunda dandamalin kullum gefe guda yake, kuma taragan sun kai 1977. Amma zakaran shi ne layin A na Buenos Aires a Ajantina, taragan katako da aka ƙera a Beljiyam, suka fara a 1913 ba su sauka ba sai Janairu 2013, da bencinsu da fitilunsu da ƙofar da ake ja da hannu.

A Afirka Alƙahira ce ta fara a 1987, da taragan da aka ware wa mata a tsakiyar jirgi, sai Aljiyas a 2011. Na Abuja da na Legas ba a ƙarƙashin ƙasa suke tafiya ba, ba su cikin wannan lissafin.

In sun tsufa ina ake kai su?

Mafi yawa ana yanka su a sayar da ƙarfen. Wasu kuma suna samun rayuwa ta biyu. Tsibirin Isle of Wight da ke kudancin Ingila yana da wani rami a Ryde mai gajeren rufi da babban jirgi ba ya shiga, shi ya sa suke sayen tsofaffin na Landan, na 1938 ɗin nan suka koma can a 1989 suna kai mutane bakin teku har Janairu 2021, sun haura shekara 80 kenan. New York ta zuba sama da tarago 2,500 a tekun Atilantika don kifi su samu wurin zama. Wasu tsofaffin na Berlin an sayar wa Koriya ta Arewa a ƙarshen shekarun 1990, suna Pyongyang da hotunan shugabanni a ciki. A unguwar Shoreditch ta Landan akwai taragan layin Jubilee a kan rufin wani gini an mai da su ofis, a Walthamstow kuma ana cin abincin dare a taragon Victoria na 1967. Akwai ma taragon Metropolitan mai lamba 353 na 1892, da ya ƙare a matsayin rumfa a ƙauye, aka ɗauko shi aka gyara a Wales, ya sake shiga rami da kan jirgi mai tururi a 2013 lokacin bikin cika shekara 150.

Tsakani da Allah, tsoho ko sabo, wanne ya fi?

In ka samu kujera, tsoho. In ba ka samu ba, ko kana kan keken guragu, ko da keken jariri, ko wata Yuli ne, sabo nesa ba kusa ba. Tsofaffin an yi su ne da tunanin yawancin mutane za su zauna, sababbin an yi su da sanin yawanci tsayuwa za su yi, shi ya sa kujeru suka ragu, kushin ya yi tauri, aka buɗe tsakanin taragai. Ni abin da ban yafe ba shi ne hasken, ba wata dokar kariya daga gobara da ta ce sai fitila ta zama fara fat.

In na je Landan ina zan ga irinsu, ko ma in hau?

Ka hau Bakerloo, daga Elephant & Castle zuwa Harrow & Wealdstone. Jiragenta na 1972 ne, su ne mafi tsufa da ke ɗaukar fasinja kullum a Birtaniya, an yi musu garambawul amma kujerun nan masu kallon juna na tsakiya suna nan, kushin da sifirin ɗinsa, ga ƙara ga jijjiga. Na Piccadilly na 1973 ne, za ka lura da fili a bakin ƙofa da aka bari saboda akwatunan masu zuwa filin jirgin sama na Heathrow, su kam ka yi sauri don suna hanyar fita. Gidan tarihin Covent Garden yana da na 1890 da na 1938, sannan suna da babban ma'aji a Acton da ake buɗewa jama'a 'yan kwanaki a shekara, kuma lokaci-lokaci suna fito da jirginsu na 1938 mai tarago 4 a yi yawo da shi a kan layi, tikitinsa daban ake saye kuma da wuri yake ƙarewa.